Shan iska a lokacin kulle: yadda mazauna birane suka sami fili da annoba ta tsare su a gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni mamba ne a kwamitin ci gaban unguwarmu. Lokacin kullen korona mun ga yadda masu gidan haya da yara ƙanana suka galabaita saboda rashin wurin fita. Ta yaya mazauna manyan biranen duniya suka sami wurin shan iska da motsa jiki a wancan lokaci? Me ya yi aiki, me ya ci tura? In kuma irin wannan ta sake faruwa, Allah ya kiyaye, me unguwa za ta iya yi da kanta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Amin, Allah ya kiyaye.

Dokar kulle tana iya rufe kasuwa da makaranta da filin ƙwallo, amma ba ta cire wa ɗan Adam buƙatar fita. Magidancin da ke ɗaki ɗaya da mata da 'ya'ya biyar zai leƙa waje ko an yarda ko ba a yarda ba. Abin da ke hannun hukuma shi ne inda zai je da lokacin da zai je. Biranen da suka gane haka a 2020 sun ƙara wa mutane fili, suka warwatsa su. Waɗanda suka ɗauka rufe filaye shi ne tsaro sun ƙare da cusa jama'a a 'yan wuraren da suka rage, aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago.

Ƙwayar cutar korona a numfashi take tafiya, cikin 'yan mitsi-mitsin ɗigon da ke fita daga baki da hanci idan mutum ya yi magana ko tari. Ka dubi hayaƙin turaren wuta. In aka kunna shi a ɗaki aka rufe ƙofa da taga, cikin minti kaɗan kowane lungu ya ɗauka, har tufafi su kama. In aka fito da kaskon tsakar gida, wanda ke taku biyar daga wurin da ƙyar zai ji ƙamshin. Wani bincike da aka yi a ƙasar Sin a farkon annobar ya bi diddigin mutum 7,324 da suka kamu, sau ɗaya kawai aka sami inda cutar ta yaɗu a sarari, tsakanin mutum biyu da suka tsaya hira. Duk ɓarkewar da ta kama mutum uku ko fiye, guda 318, a rufaffen wuri ta faru: gida, mota, wurin cin abinci. Sai dai kada a ɗauka waje ba shi da haɗari sam. Mutum biyu da suka haɗa kai a benci ɗaya na rabin awa suna shaƙar numfashin juna ko a tsakiyar daji suke. Kuma wannan lissafi na cutar da ke bin iska ne. Kwalara da zazzaɓin Lassa hanyarsu daban, matakinsu ma daban.

Zaman ɗaka shi ma yana da nasa lahani. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba yana buƙatar motsa jiki na minti 150 zuwa 300 a mako, yaro daga shekara 5 zuwa 17 kuwa minti 60 a kullum. A birnin Feicheng na Sin, inda ake duba idon 'yan makaranta duk shekara, an sami kashi 21.5 cikin ɗari na yara masu shekara shida da matsalar rashin gani nesa a 2020, alhali a shekaru biyar da suka gabata adadin bai taɓa wuce kashi 5.7 ba. Idon yaro yana buƙatar hasken rana da kallon nesa, ɗaki kuwa ba ya ba shi ko ɗaya. A Melbourne ta Ostireliya, ranar 4 ga Yulin 2020, an kulle dogayen benaye tara na gidajen gwamnati da mutum kusan 3,000 a ciki ba tare da sanarwa ba, da yawansu 'yan asalin gabashin Afirka. A ɗaya daga cikin benayen sai da aka fi mako guda kafin a bar mutane su fito shan iska. Daga baya ofishin karɓar koke-koken jama'a na jihar Victoria ya ce an tauye musu haƙƙi.

Kullen bai kama kowa daidai ba. Hukumar ƙididdiga ta Birtaniya ta fitar a watan Mayun 2020 cewa gida ɗaya cikin takwas a ƙasar ba shi da lambu, nasa ko na haɗaka, a Landan kuwa gida ɗaya cikin biyar. Mai lambu a bayan gida bai ji rufe filin shaƙatawa a jikinsa ba. Wanda ke hawa na goma sha biyu shi ya ji.

A Landan ɗin aka ga yadda adadi yake tsorata hukuma in ba a yi lissafi ba. Ranar Lahadi 5 ga Afrilun 2020 ƙaramar hukumar Lambeth ta rufe filin shaƙatawa na Brockwell, saboda sama da mutum 3,000 sun shiga ranar Asabar. Filin nan ya kai hekta 50, wato murabba'in mita 500,000. Ko da duk mutum 3,000 ɗin sun shiga a lokaci guda, kowa yana da murabba'in mita sama da 160, kusan ɗaki goma sha biyu irin mai ƙafa 12 da 12. Filin Victoria da ke gabashin birnin ya fi mako biyu a rufe, masu zuwansa suka koma gefen titi da siraran hanyoyin bakin ruwa, inda mutum biyu ba sa wucewa sai sun kusa gogar kafaɗa. Sai ranar 18 ga Afrilu ministan da ke kula da ƙananan hukumomi ya fito ya ce filayen shaƙatawa su zauna a buɗe.

Cunkoson fili ba a tsakiyarsa yake ba, a bakinsa yake: ƙofar shiga, 'yar gada, siririyar hanya, layin banɗaki, gaban mai sayar da abin sha. Maganinsa a buɗe duk ƙofofin da ke akwai, a ware ta shiga da ta fita, a sa masu zagaye su bi gefe guda kamar hannun agogo don kada a yi ta kiciɓis, a kuma ƙara awannin buɗewa. Wurare da yawa sun bar fili a buɗe suka rufe banɗaki, wanda hakan ya kori tsofaffi da masu juna biyu da masu ciwon suga, ya kuma sa wasu kewayawa bayan bishiyoyi. A filin Domino da ke Brooklyn ta New York, a watan Mayun 2020, an zana da'ira talatin a kan ciyawa, kowace mai faɗin ƙafa 8, wato mita 2.4, da tazarar ƙafa 6 tsakaninsu. Dabarar ta yi aiki ne don mutum ba ya iya auna mita biyu da ido, amma yana ganin farin layi. Wanda ya taho daga nesa ma yana ganin ko akwai gurbi ko babu, ba sai mai gadi ya ɗaga murya ba.

Inda aka fi yin kuskure shi ne wajen taƙaita lokaci. Faransa ta shiga kulle ranar 17 ga Maris 2020, bayan mako guda aka ƙayyade fita motsa jiki awa ɗaya a rana, cikin kilomita ɗaya daga gida, da takardar shaida a hannu, wanda ya saɓa tarar yuro 135. Filayen shaƙatawa na Paris sun zauna a rufe har ƙarshen Mayu. Daga 8 ga Afrilu birnin ya hana gudun motsa jiki daga ƙarfe 10 na safe zuwa 7 na yamma, sai masu gudun suka riƙa fitowa gaba ɗaya da ƙarfe bakwai ya buga. Afirka ta Kudu ta hana fita motsa jiki kwata-kwata na mako biyar daga 27 ga Maris. Ranar 1 ga Mayu aka ba da dama daga ƙarfe 6 zuwa 9 na safe, cikin kilomita 5. A Cape Town rana ba ta fitowa a wannan wata sai bayan ƙarfe bakwai, don haka awa ukun ta koma ƙasa da biyu, hanyar bakin teku ta Sea Point ta cika maƙil. In ka rage awanni daga 12 zuwa 3 ba ka rage mutane ba, ka ninka cunkoso sau huɗu. Kano ta ga irin wannan da idonta. An rufe birnin a daren 16 ga Afrilun 2020, a farkon Mayu aka buɗe Litinin da Alhamis daga ƙarfe 10 zuwa 4. Cefanen mako na miliyoyin mutane ya taru a awa goma sha biyu, kowa ya ga yadda kasuwanni suka kasance.

Sifaniya ta fara da tsanani mai yawa. Mako shida yara ba su taka waje ba, alhali mai kare yana da izinin fita da karensa. Ranar 26 ga Afrilu aka bar 'yan ƙasa da shekara 14 su fita awa ɗaya, cikin kilomita ɗaya, babba ɗaya da yara har uku. Amma tsarin da ta fito da shi daga 2 ga Mayu ya fi na sauran ma'ana, don ya raba yinin ne maimakon ya matse shi: manya masu motsa jiki ƙarfe 6 zuwa 10 na safe da 8 zuwa 11 na dare, masu shekara sama da 70 ƙarfe 10 zuwa 12 na rana da 7 zuwa 8 na yamma, yara daga 12 zuwa 7. Titi ɗaya ya ɗauki rukuni uku ba tare da sun haɗu ba, tsoho kuma bai ci karo da matashin da ke haki ba.

Filin da ya fi kowane girma a hannun kowane birni shi ne titi, kuma a lokacin kulle babu mota a kansa. Jama'a sun riga hukumomi gane haka. A Legas, a watan Afrilun 2020, mutane sun cika babbar hanyar Gbagada suna atisaye da safe, daga baya aka riƙa kama wasu. Lissafin mai sauƙi ne: mutum biyu da za su wuce juna da tazarar mita 2, kowa da faɗin kafaɗa kusan santimita 60, suna buƙatar mita 3.2, gefen titi kuwa a yawancin birane bai kai haka ba. Bogota ta Kolombiya ta ware kilomita 76 na hanyoyin keke na wucin gadi tun a watan Maris, Milan ta sanar da kilomita 35 ga masu tafiya a ƙasa da masu keke, Paris ta yi kusan 50. Waɗannan sun fi taimaka wa masu zuwa aiki. Wanda ya amsa irin tambayarka shi ne rufe layukan cikin unguwa.

New York ta gwada sau biyu. Gwajin farko, a ƙarshen Maris, tituna huɗu ne kawai, aka jibge 'yan sanda a kowace mahaɗa. Bai kai mako biyu ba aka soke shi, aka ce yana cin jami'ai da yawa. A karo na biyu, daga watan Mayu, an bar ragamar a hannun mutanen unguwa. Wanda ya fi shahara shi ne titi na 34 a unguwar Jackson Heights ta Queens, unguwar baƙi 'yan ci-rani mai cunkoso da ƙarancin fili, kusa da asibitin Elmhurst inda annobar ta fi yin ɓarna a farko. An rufe kusan kilomita 2, mahaɗa 26 a jere. 'Yan sa-kai ne ke jawo shingen ƙarfe kowace safiya su mayar da shi gefe da ƙarfe takwas na dare. Mazaunin layin da mai kawo kaya da motar asibiti suna iya shiga, amma da gudun da bai wuce kilomita 8 a awa ba. Tsawonsa ne ya sa ya yi amfani. Layi guda mai mita ɗari yana zama dandalin da ake tsayuwa a taru. Kilomita biyu kuwa hanya ce, mutane suna tafiya suna wucewa. Har yau titin yana nan a matsayin filin unguwa.

Oakland ta jihar Kalifoniya ta nuna inda abin ke lalacewa. A watan Afrilun 2020 ta sanar da rufe tituna masu tsawon mil 74, kusan kilomita 119, ga motocin da ke ratsawa kawai. Abin da aka aiwatar bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. An yi shi cikin gaggawa ba a tuntuɓi unguwanni ba. Masu hali da ke aiki daga gida sun yaba. Mutanen gabashin birnin, waɗanda yawancinsu dole su fita aiki kullum, suka ce damuwarsu ita ce tsallaka babban titi zuwa shagon abinci ko asibiti ko wurin gwaji ba tare da mota ta buge su ba. Sai da birnin ya dawo ya gyara mashigai a irin waɗannan wurare. Wasu direbobi kuma sun riƙa ture shingen suna wucewa, don ba wanda ya ɗauke shi nasa.

In za ku rufe layi, Malam, ku zaɓi wanda ba babbar hanya ba, ba hanyar asibiti ko gidan mai ba, kuma yana da wani layin a gefensa da mota za ta bi. In babu, duk motocin za su koma kan maƙwabta, rigima ta tashi. Ku auna shi. Layi mai faɗin mita 8 da tsawon mita 300 yana da murabba'in mita 2,400. In aka ba mai tafiya murabba'in mita 10, zai ɗauki mutum 240. Yara masu guje-guje a ninka musu, a ce 120. Shinge ya zama abin da mutum ɗaya zai iya matsarwa cikin daƙiƙa kaɗan amma iska ba za ta kayar ba: rabin duro da yashi a ciki, ko tsofaffin tayoyi da aka shafa wa farin fenti, da sanda a gicciye. Ban da duwatsu, ban da katako mai ƙusa, ban da igiya ko waya a tsallake, don mai babur ba ya ganinsu da magariba. A bar kafa mai faɗin mita uku da rabi don motar kashe gobara ko mai naƙuda. A kowace mahaɗa a sa babba ɗaya, saboda yaron da ya saba layin babu mota zai bi ƙwallo ya faɗa titin da ke da mota. Nan ne haɗarin yake. Masu ruwa da masu kwasar shara a bar su su wuce. Abin da ke kashe irin wannan shiri shi ne gajiyar 'yan sa-kai: mako na farko mutum ashirin, mako na huɗu mutum uku. A rubuta jadawali, kowa awa biyu, kada mutum ya yi fiye da sau uku a mako.

A cikin gida kuwa, mutane sun yi amfani da duk abin da ya samu. A Italiya baranda ta zama majalisa, maƙwabta suna waƙa daga bene zuwa bene. A Sifaniya ana fitowa tafa wa ma'aikatan lafiya ƙarfe takwas na kowane dare. A garin Finale Ligure na Italiya 'yan mata biyu sun buga tanis daga rufin wannan bene zuwa na wancan. Rufin kankare yana da amfani, amma a duba abu uku kafin a bar yara su hau. Katangar gefensa ta kai aƙalla mita ɗaya da 'yan kai, ba tare da tudun da yaro zai taka ya leƙa ba. Kada wayar lantarki ta ratsa kusa. Ƙarafan da aka bari a tsaye don ɗora wani hawa a lanƙwashe su ko a rufe musu kai. Rufin kwano da na azara ba wurin hawa ba ne.

A garuruwanmu gidan gargajiya ya zo da maganinsa tun asali. Tsakar gida fili ne mai sama a buɗe, zaure kuma yana da ƙofa biyu da iska ke ratsawa. Iyalin da ke da su sun sami sauƙi. Wahalar tana kan gidan haya mai ɗaki goma da siririn lungu a tsakiya, da sababbin gidajen da aka gine filotin gaba ɗaya ba a bar ko wurin shanya ba. Kullen Kano ya faɗo a tsakiyar bazara, zafi yana kusantar digiri 40, azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu, wuta kuma ba tabbas. Cusa mutane a ɗaki mai ƙaramar taga a irin wannan yanayi shi ne abin da likitoci suka daɗe suna gargaɗi a kai saboda sanƙarau. A gidan haya mafi sauƙi shi ne a raba tsakar gidan da awanni tsakanin ɗakuna, girki da wanki da wasan yara kowa da lokacinsa, a bar taga da ƙofa a buɗe, wanda ya saba kwana a waje kuma a bar shi, da gidan sauro da tazara tsakanin tabarmi.

Filayen da unguwa ke da su kuma ta manta da su su ne filin idi, wanda ake amfani da shi sau biyu a shekara, da filin makarantar firamare da aka rufe, da harabar masallacin Juma'a. Ɗauki fili mai mita 100 da 60. A kafa turke, a ɗaura igiya mai mita ɗaya da rabi, a zagaya da tsinke a bakinta, an sami da'ira mai faɗin mita 3, wadda ta ishi tabarma biyu da iyali mai mutum biyar. A bar mita 2 tsakanin da'ira da da'ira, wato daga turke zuwa turke mita 5. Hakan zai ba da layi 20 a tsaye da 12 a kwance, da'ira 240. A cire 40 don hanyoyin wucewa, saura 200, mutum dubu ke nan a zama ɗaya. A zana da farar ƙasa ko toka. Toka ta fi arha amma iska tana share ta, sai an sabunta kusan kullum, farar ƙasar da aka kwaɓa da ruwa ta fi daɗewa. In filin na motsa jiki ne, a bar tsakiya ga masu zama, a zana hanya mai faɗin mita 4 a kewaye. Zagaye ɗaya kusan mita 300 ne, zagaye goma kilomita uku, tafiyar minti arba'in.

Awannin Sifaniya ba za su yi mana ba, don sun ba yara tsakar rana. A nan lokutan da ke da amfani su ne bayan asuba zuwa hantsi, da la'asar zuwa magariba, da bayan isha'i in akwai haske. Tsofaffi da masu hawan jini ko ciwon suga a ba su na farkon safiya, kafin ƙura ta tashi. A ware wa mata lokacinsu ko ranarsu, da mata masu kula da ƙofa. In ba a yi haka da gangan ba, samari za su mamaye filin da ƙwallo tun ranar farko, matan da suka fi kowa daɗewa a ɗaka kuma ba za su zo ba. Ƙwallon rukuni a dakatar da shi tukuna, don gogayya ce da haki a fuskar juna, ga 'yan kallo da ke taruwa a gefe. Inuwa ma tana tara mutane: fili mai darbejiya ɗaya kowa ƙarƙashinta zai nufa, don haka a zana da'irori a inuwar katanga da ta azuzuwa, a ba tsofaffi da masu goyo. A kowace ƙofa a ajiye bokiti mai famfo, irin wanda Veronica Bekoe ta ƙirƙiro a Gana, da sabulu da roba a ƙasa mai tare ruwan. In kowa zai ci rabin lita, bokiti mai lita 50 na mutum ɗari ne, zama mai mutum dubu yana buƙatar lita 500, jarka ashirin masu lita 25. A san wanda zai biya mai ruwa kafin a buɗe. Masu talla a jera su a wajen ƙofa da tazara, kada a kore su, abincinsu ke nan.

Duk wannan ba zai yiwu ba sai da yardar hukuma, kuma yardar ta zama a rubuce. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta Najeriya ta ce a makonni biyun farko na kulle, daga 30 ga Maris zuwa 13 ga Afrilun 2020, jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta dokar. Jami'in da ke sintiri ba shi da hanyar bambance taron da aka tsara da wanda ya karya doka sai an sanar da shi. Kwamiti ya bi ta mai unguwa da dagaci zuwa ƙaramar hukuma, ya sami sa hannun jami'in lafiya na yankin, ya kai kwafi ofishin 'yan sanda mafi kusa, ya liƙa ɗaya a ƙofar filin. Takardar ta ƙunshi sunan fili ko layi, awanni, adadin mutanen da zai ɗauka, sunan mai riƙe da mabuɗi, da sharaɗin cewa mai zazzaɓi ko tari da mutanen gidansa ba za su zo ba har sai jami'in lafiya ya sallame su. Wannan magana da shugaban makaranta da kwamitin masallacin idi a yi ta tun yanzu, a auna filayen, a rubuta girmansu da yawan ƙofofinsu da inda famfo ko rijiya mafi kusa take, a ajiye a littafin kwamiti.